Ranar da Na Kai Keken Ɗinki Aji

Akwai wani malamin adabi a makarantar autata, ɗalibai suna ce masa Jan Biro, don takarda ba ta fita hannunsa da fari. Yau labarin gidana zan ba ku.

Maigidana tela ne, Allah ya jiƙansa. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Abin da ya bari shi ne keken ɗinki na ƙafa da littafi guda cike da waƙoƙinsa.

Malamin nan ya ce kowa a ajin su Auta ya zaɓi waƙa ya yi sharhi. Auta ta zaɓi ta babanta. Takardar ta dawo ja wur. Malam ya rubuta: "Waƙar gurguwa ce. Layi uku dogaye, na huɗu guntu. Marubucin bai san awo ba."

Tela, wai bai san awo ba!

Auta ta cusa littafin ƙarƙashin katifa. "Mama, ashe shirme Baba yake rubutawa?"

Wannan tambayar ce ta ƙona ni. Na rasa miji, ba zan bari ta rasa uba sau biyu ba.

Da safe na same shi a ofis. "Malam, ka rera waƙar nan, ko kallonta ka yi?"

"Baiwar Allah, shekara ashirin ina aikin nan. Da ido nake gane gurguwa. Aji nawa kika yi?"

"Shida. Amma shekara sha tara ina jin ta daga kicin."

Ya ci gaba da maki, ko ɗagowa bai yi ba.

Washegari na ɗora keken a baro, na tura har ƙofar aji. Yara suka kwashe da dariya, Auta ta rufe fuska. Malam ya ce, "Ikon Allah! Nan shago ne?"

"Minti biyu kawai."

Na sa ƙyalle, na taka, na fara rerawa. Layi uku ƙafa na tafiya, kalmomi na bin ta daram. A na huɗu na tsayar da ƙafa, na ɗauki almakashi na yanke zare, ƙyas! Haka marigayin yake yi. Almakashin ne yake cike guntun layin.



Malam ya ce, "Sake."

Ban kai ga buɗe baki ba Auta ta miƙe. Ita ta rera, ni ina takawa. Da muka iso na huɗu, yara duka suka ce, "Ƙyas!"

Malam ya karɓi takardarta, ya ja biron nan a kan nasa rubutun ya soke shi, ya ce, "Ki sake sharhin. Ki sa keken a ciki."

Baron ma shi ya tura mini har bakin titi, yana haki.

Darasi: Kada ka yanke wa aikin mutum hukunci kafin ka san yadda ya yi shi, mai shi yana iya zama uban wani. Ku tura wa duk mai riƙe da jan biro.