Kwabban Mannir Masu Hoton Doki

Akwai wani magidanci a Wagini mai suna Mannir, wanda ya yi aikin gini a Libiya. Can ya koyi sha'awar tara tsofaffin kwabbai, ya dawo gida da 'yan kaɗan a ƙulle cikin tsumma.

Ya san su sarai. Na tagulla ne, na tsohuwar daular Kartaj da ta yi zamani a inda Tunisiya take yau. Gefe guda kan mace, ɗaya gefen doki, wani lokaci da itacen dabino a bayansa.

Wata rana ya goge ɗaya da lemun tsami da toka har ya ɗauki ƙyalli, ya fita da shi majalisa.

"Mannir, wannan zinari ne?" in ji wani.

Ya san amsar, amma yadda aka zuba masa ido ya yi masa daɗi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ku dai ku kalla kawai."

Da yayarsa Adawiyya ta ji, ta same shi har gida. "Kai Mannir, a wannan zamanin? Ka koma ka faɗa musu gaskiya."

"Haba Yaya, wasa ne fa."

Kafin kasuwar Batsari ta sake ci, labari ya zama tukunyar zinari. Sai ga wasu baƙi biyu kan babur, fuskokinsu naɗe da rawani, suna tambayar mai shayi ina gidan mai zinari. Ba su sha komai ba. Sun tsaya sun daɗe suna kallon ƙofarsa, suka juya suka nufi daji.

Labarin baƙin ya isa kunnen Mannir. Ya kwashi kwabban ya kai wa maƙeri a gaban jama'a. Maƙerin ya kankare ɗaya ya ce, "Tagulla ce."

Wani daga baya ya yi dariya. "Ai na gasken ya ɓoye."

Da la'asar wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Wata murya ta gaishe shi a natse, ta tambayi lafiyar 'ya'yansa, kowa da sunansa.

Washegari ya kwashe iyalinsa zuwa Katsina. Geronsa ya nuna a gona, har yau bai koma ya yanka ba.

Darasi: Ƙaryar da ka bari ta tsaya don a yaba ka, ran da ka so janye ta ba mai saurarenka, kuma iyalinka za ta fara ci. Ku tura wa 'yan uwa, wani na bukatar jin wannan.