Kifin Hakimi Bai Ƙarasa Ba

A wani gari na bakin teku an yi hakimi mai suna Barau, wanda jiragensa ke jan ruwa da ragar gidan sauro, suna kwashe kifi har da 'yan ƙanana. Da manyan kifi suka ƙare ƙaf a teku, sai ya kira wani tsohon masunci, Tanimu.

"Ran Juma'a ina son kifi mai tsawon mutum. In babu, a ƙone kwalekwalenka."

Tanimu ya san rabonsa da ganin irin wannan kifi shekara goma. Ran Juma'a ya zo da ƙwarya, da ɗan kifi kamar yatsa yana iyo a ciki.

"Ga shi, ranka ya daɗe."

"Wannan ne mai tsawon mutum?"

"Shi ne. Bai ƙarasa ba ne. Ai kai ma ba da rawani aka haife ka ba."

Hakimi ya duba kifin, ya ce, "To, a mayar da shi teku. In ya ƙarasa ka kawo mini. Wanda ya taɓa shi kafin nan, bulala ɗari."

"An gama. Sai dai kamarsu ɗaya da 'yan'uwansa. In jiragenka suka kwaso shi gobe, wa za a kwantar? Masu jan ragar, ko mai jiragen?"

Hakimi ya shafa bayansa.

Kafin la'asar an yi shela: duk ƙaramin kifi a sake shi, wataƙila na hakimi ne.