Labbo Ya Goge Gemun Sarki

Akwai wani mai sayar da tasoshi a kasuwar Gummi, ana ce masa Labbo. Abin ya faru ne shekara shida bayan an canza kuɗi zuwa naira.

Labbo gwanin goge tasa ne. Idan ya kama ta da toka da tsamiya, sai ka ga fuskarka a ciki. Shi ya sa yake ganin babu wanda zai koya masa komai game da ƙarfe.

Amma a gida ba shi da sukuni. Yanar ido ta rufe idanun Innarsa, shekara biyu ba ta fita ɗaki sai an ja ta. Ba shi da kuɗin kai ta asibitin ido a Kano, ba shi kuma da halin barinta ya tafi ci-rani. Kullum daga rumfa sai ƙofar ɗakinta.

Wata rana ya ga baƙin sule a cikin cinikinsa. Tsohon kuɗin Turawa ne wani ya haɗa masa. Yana cikin faɗa sai ga Malam Thomas, malamin firamare mai sha'awar tsofaffin kuɗi. Ya karɓa, ya riƙe shi ta gefe, ya ɗora masa gilashin ƙara girma.

Thomas ya ce, "Labbo, azurfa ce. Dubi gemun Sarkin Ingila, kowane gashi a tsaye. Rubutun bai cinye ba, zanen gefen bai lashe ba. Wannan bai sha hannu ba. Akwai mai saye daga Kaduna, zai zo ran kasuwa. Kuɗinsa zai iya kai Inna Kano."

"Da wanga baƙi haka?"

"Baƙin nan shi ne shaidarsa. Naɗe shi a tsumma, kada ka goge."

Labbo ya yi wa Inna albishir, ta yi ta sa masa albarka. Sai dai kwana shida yana kwance tsumman yana tsaki. A ransa ya ce, "Mi malamin boko ya sani ga haja? Wa ka sayen dauɗa?"

Ana gobe kasuwa ya ɗauko toka da tsamiya. Ya dirje sulen nan da iyakar gwanintarsa, har ya koma yana ɗaukar ido.

Mai saye ya zo tare da Thomas. Kallo ɗaya ya yi masa ta gilashi ya ajiye.

Ya ce, "An kashe shi. Gemun ya shafe, fuskar duk karce. Kai wa maƙera su yi zobe."

Thomas ya juya ya bi mai saye suka tafi. Wallahi da zaginsa ya yi, da ya fi wa Labbo sauƙi.

Da ya koma gida, ya tarar Inna ta ɗaure 'yan kayanta, tana zaune a kan ƙullin. Ta miƙo hannu, ya sa mata sulen. Ta shafa shi da yatsa.

Ta ce, "Kai, ya yi sumul! Allah shi yi ma albarka. Yaushe mota za ta tashi?"

Labbo ya durƙusa a bakin ƙofa, hawaye na zuba.

Darasi: Gwaninta a sana'arka ba ta mayar da kai masanin komai ba. Idan wanda ya sani ya ce kada ka taɓa, janye hannunka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na riƙe da tokarsa yanzu haka.