Furera da Hoton Inna

Ranar Laraba da hantsi, wajen ƙarfe goma, Furera ta shiga shagon Baba Ilu a Sabon Garin Zariya. Tsohon mai ɗaukar hoto ne, yanzu gyaran kyamara yake yi da sayarwa. Ta nuna guda biyu, wata babba marar madubi a ciki da ake sauya wa gilashin gaba, da wata 'yar ƙarama mai shiga aljihu.

Ta ce, "Baba, mako uku ke nan ina karatu a kansu, na kasa zaɓa."

Ya ce, "Wa za ki ɗauka, 'yata?"

Ta ce Inna ce, mahaifiyarta, can Giwa, jiki ya fara ƙi. Ita Furera 'yar fari ce. Shekara arba'in da huɗu Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa haɗa ido da ita ba, don kunya. Daga zaure take jiyo dariyarta da jikoki, da ta yi sallama kuwa sai Inna ta sunkuyar da kai. Wannan fuska mai dariya take so ta riƙe tun kafin a rasa ta.

Baba Ilu ya miƙa mata kujera, ya ce, "Zauna ki ji abin da ya sami Sallau, abokin sana'ata.

"An taɓa kiransa Hunƙuyi ya ɗauki wani tsohon maƙeri. Ya tafi da kyamara mai ƙafa uku da jaka cike da gilasai. Maƙerin da ya ga kaya sai ya tashi ya wanke baƙin gawayi, ya sa babbar riga, ya zauna ƙiƙam. Hoto ya fito tas. Bayan rasuwarsa Sallau ya je gaisuwa, ya tarar an kife hoton a ƙasan akwati. 'Ya'yan suka ce wannan ba babansu ba ne. Matar marigayin, Goggo Lami, ta dube shi ta ce, 'Ɗan nan, ka yi irin ta Tanko mai kanari.' Ya ce, 'Wane ne shi, Goggo?'

"Ta ce, 'Wani ne a garinmu, shi kaɗai a gida, ba mata ba ɗa. Ya sayo kanari ya rataye a ƙofar ɗaki don ya ɗebe masa kewa. Kullum ya kafa kujera gaban keji ya zura ido, tsuntsu ko uffan. Amma maƙwabta sai su ce masa, kai Tanko, kanarin nan naka ya iya kuka! Ashe sai ya tafi kasuwa yake yi. Ran nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku yana cikin ɗaki, ya ma manta da tsuntsun. Can sai ya ji shi. Ya kwanta yana saurare, hawaye na zuba. To, kai ma kujera ka kafa wa mijina.'

"Tun daga ranar Sallau bai ƙara zuwa gidan tsoho da jaka ba."

Furera ta ce, "Amma Baba, wannan marar madubin ai ba ta kai ta Sallau girma ba. Kuma hotonta ya fi fita."

Ya ce, "Ya fi fita, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai dai a wuya ake rataya ta, gilashinta na gaba zungurere, sai an ɗaga ta fuska. Matar da idonki biyu ma sun yi mata nauyi, ki ƙara mata na uku? Ɗauki ƙaramar. Amma ban da satar hoto. Ranar da kika isa ki nuna mata, ki faɗa mata abin da kike so. Sannan ki mayar aljihu, ki nemi aikin hannu ki zauna."

Furera ta juya 'yar kyamarar a tafinta. Ta ce, "Na ji, Baba. Naɗe mini ita."

Ta yi kwana shida a Giwa tana ɓarar gyaɗa a gindin turmi. Rana ta biyar wani jika ya ce wa Inna tsohuwa mai cin bashin goro, Inna ta tuntsire da dariya, ta waiwayo neman mai tare mata faɗa. Hoto ɗaya Furera ta ɗauka. A cikinsa Inna 'yar farinta take kallo.