Yadda Kurege Ya Kawo Titi Ƙofar Raminsa

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku karɓa.

A dajin da nake ba ku labari, dabbobi sun daina tambayar hanya. Kowa da wayarsa. A kogon wata kuka aka ajiye babbar na'ura mai riƙe da taswirar dajin, ita ke gaya wa kowa inda zai bi. In ta ce dama, dama ake yi, ko da rijiya ce a wajen. Taswirar ta kowa ce. Wanda ya ga hanya ta toshe sai ya je ya faɗa wa Kunkuru, mai kula da na'urar. Shi kuwa ba ya shigar da gyara sai ya taka ya gani da idonsa. To, kun san tafiyar Kunkuru. Kafin ya tabbatar kogi ya cika, rani ya shigo.

Dabbobi suka gaji, suka kira taro. Aka ci aka sha, aka yanke cewa in baki uku suka faɗi abu ɗaya, a shigar kawai.

Kurege na gefe yana ji. Yunwa ta fito masa da haƙarƙari, ga damina ta matso, rumbunsa na ƙarƙashin ƙasa wayam. Ya kaɗa jela ya ce, "Baki uku? Ni Kurege, ko goma ake so ina da su."

Da gari ya waye ya je ya durƙusa. "Baba Kunkuru, gadar babbar hanya ta rufta, amma akwai ratse ta ƙofar ramina." Ya zaga bayan kuka, ya shafa toka, ya cusa jelarsa cikin riga, ya dawo yana tari. "Ni ne Alhaji Gafiya. Gada kam ta tafi." Ya sake zagawa, ya yaɓa laka a baya ya kakkafa ƙayoyi. "Iya Bushiya ce, a kan idona ta faɗi." Kunkuru ya shigar, ba don ransa ya so ba.

Jakuna masu kai gyaɗa kasuwa suka biyo ratse. Kurege ya riga ya ɗaure ƙaya daidai tsayin buhu. Buhuna suka yi ta yagewa, gyaɗa na zuba, shi yana kwasa.

Wani tsohon Jaki ya tsaya ya ce, "Anya hanyar nan?"

Kurege ya ce, "Haba Yaya Jaki, kai ka fi na'ura sani ne?"

Jaki ya ji kunya ya wuce.

Rumbu ya cika maƙil. Mai hankali da nan zai tsaya, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Kurege ya ji raƙuma na tafe da dabino, kuma na'ura ba za ta turo su ratse ba, don a taswira turbar jakuna ce.

Da gari ya waye bakuna ukun nan suka koma, suka shaida cewa ratse ya zama babban titi mai ɗaukar kowane irin nauyi.

Kunkuru ya ce, "Yaushe aka yi shi? Ban ji ƙarar aiki ba."

Alhaji Gafiya ya yi tari ya ce, "Kwangilar gaggawa ce, Baba."

Kurege ya koma gida yana rawa. "Ni ne mai juya daji da baki. Yau gyaɗa, gobe dabino."

Abin da bai lissafa ba, na'ura ba ta ware raƙumi. Kowane mai nauyi turo shi take. Da hantsi ƙasa ta fara rawa. Giwa ce da danginta kaf, za su bikin suna, suna tafe suna kayar da itatuwa.

Kurege ya sha gabanta. "Ranki ya daɗe, babu titi nan, wallahi babu."

Giwa ta ce, "Kauce, yaro. Waya ta ce in miƙe."

Ya faɗa bayan itacen kargo, ya yaɓa laka da ƙaya a gurguje, ya fito. "Iya Bushiya ce, gaskiya yaron nan ya faɗa." Giwa ta sunkuya ta hura masa iska da hanci. Laka ba ta bushe ba, ƙayoyi suka watse, sai ga jela tsaye.

Giwa ta ɗaga ƙafa ta ci gaba. Rumbu ya rufta, gyaɗar damina ɗungurungum ta koma gari da ƙasa. Jakunan da ke biye suka ga ɓawo, suka gane inda kayansu ya tafi. Tsohon Jakin nan ya juya baya ya zabga wa Kurege harbi, Giwa ta cafe shi a sama ta wurga hayin kogi.

Ya tashi yana ɗingishi, ido a kumbure, cikin nan babu ko ƙwaya. Ya waiwaya. Inda giwaye suka bi ya share fetal, raƙumi biyu za su jera. Ya ɗaga murya ya ce, "Ƙarya na yi? Ga titi nan! Shekara nawa kuna taro, ni kwana ɗaya na kawo shi. Baba Kunkuru, kada ka goge, zo ka taka ka gani."

Jakuna suka faɗa ruwa suka biyo shi, Kurege ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ƙurunƙus, ta tsaya nan.