Gurbi Na Tara

Akwai wani mutum a wani ƙaramin gari na jihar Nebraska ta Amurka, sunansa Delbert Haskin. Shagon gyaran motocin noma yake da shi, amma ransa duk yana kan abu ɗaya: tara ƙwallayen besbol, wasan da ake bugawa da sanda, waɗanda sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka sa wa hannu. Ya cika ɗaki guda da su, kowace a akwatinta na gilashi, ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba.

Wadda ya fi ji da ita, ita ce kuma ke hana shi sukuni. Ta wata ƙungiyar sojoji ce ta shekarar 1944. Sunaye takwas ne a jikinta, alhali 'yan wasa tara ke shiga fili. Tsakanin ɗinki biyu na ƙwallon akwai gurbi fari fes, ba sunan kowa.

Delbert mutum ne mai naci kamar ƙuda. Sai da ya tono cewa na taran yana nan da rai a gidan kula da tsofaffi, wani Virgil Stamm, mai shekara tamanin da biyar.

Wata Asabar da hantsi ya dira gidan. Ya tarar da tsohon a kujerar guragu, 'yarsa Noreen na yanka masa kek ɗin tuffa.

"Dattijo, hannu kawai za ka sa, ko minti ɗaya ba za a yi ba," in ji Delbert, yana buɗe akwatin.

Tsohon na ganin ƙwallon ya janye hannuwansa cikin bargo.

"Rufe abin nan, ɗana. Mu a ƙungiyarmu ba a sa hannu don kwalliya. Ranar da aka kira mutum bakin daga, ranar yake rubuta sunansa, ya bar mana. Takwas suka rubuta, ko ɗaya bai dawo ba."

Delbert ya bushe da dariya. "Haba Dattijo! Yaƙin da aka gama shekara sittin? Yanzu biro ne zai harbe ka?"

"Malam, ka ji dai abin da ya ce," in ji Noreen. "Har yau Baba firgita yake yi, wai yana jin abokan nan nasa suna kiransa filin wasa. Don Allah ka ƙyale shi."

Mai hankali da nan ya tsaya. Delbert kuwa sai ya mai da gidan wurin zuwansa, duk Asabar yana nan, yau da lallami, gobe da gori. A zuwa na shida ya faki idon Noreen, ya tsuguna gaban tsohon ya ce, "Abokanka takwas sun yi ta maza. Kai kaɗai ne matsoraci a cikinsu?"

Idanun tsohon suka kawo ruwa. Can ya ce, "Gurbin nan dai kake so a cike?"

"Shi kaɗai."

"To kawo."

Tsohon ya karɓi biro da ƙwallon, ya juya baya ya yi rubutu, ya rufe akwatin da kansa. Delbert ko godiya bai tsaya yi ba, ya yi waje yana murna.

A cikin mota ya buɗe, rana tsaka. Abin da ya gani ya sa gumi ya keto masa.

Delbert Haskin. Sunansa ne a gurbin, kuma da irin rubutunsa sak, har yadda yake lanƙwasa harafin farko. Tawadar ma ba sabuwa ba ce. Ta koɗe ta yi ja-ja, daidai da ta sauran takwas ɗin.

Ya sa yawu ya goge, ya kankare da farce, ko gezau. Ya koma ciki da gudu.

"Dattijo, me ka yi min? Don girman Allah ka cire!"

Tsohon yana cin kek ɗinsa hankali kwance, fuskarsa ta washe.

"Ni ban iya cirewa ba, ɗana. Shekara sittin suna tsaye a fili, ba dama su fara wasa sai an cika tara. Yanzu kuwa sun yi shiru. Ashe ba su damu da ko wane ne ba."

Tun daga ranar Virgil bai sake firgita ba. Delbert kuwa ya rabar da ƙwallayensa kaf, amma wannan ɗaya duk wanda ya karɓa, kafin mako ya dawo masa da ita, ba ya faɗin dalili. Ya rame ya lalace. Duk la'asar sai a gan shi a ƙofar shago ya ajiye sifana, ya juya wajen gonakin masara, yana ɗaga murya yana cewa, "Ku ƙara min lokaci, ban shirya ba."

Darasi: Abin da kake gani kayan ado, wani ciwon ransa ne. In mutum ya ce maka a'a a kan abin da ya shafi matattunsa, ka girmama a'ar nan ko ba ka gane dalili ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu naci, ko wani zai tsaya tun kafin ya kai zuwa na shida.