Baƙin Ɗigon Idon Rana

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a ƙasar Zabarjad ta bayan tekuna, an yi wani sarki mai suna Kaukabu, wanda ya gaji wani lu'ulu'u mai girman ƙwan jimina, ana kiransa Idon Rana. Kakansa ne ya ciro shi daga bakin wata maɓuɓɓuga, kuma tun daga ranar al'ada ta kafu cewa wanda dutsen ke hannunsa, ba tsaga ba ɓantare, shi ne sarki. A tsakiyarsa akwai wani baƙin ɗigo, wanda fadawa, da yake ba sa rasa abin yabo, suke kira hatimin mulki.

Sai dai duk sarkin da ya riƙe shi, 'yarsa ta fari takan sandare sannu a hankali har ta zama dutse. Ana shirin auren Gimbiya Badi'atu da masoyinta Yarima Nuruddini, sai ƙafafunta suka fara sandarewa. Tsoro ya kama Sarki. Ya ɗauki dutsen, ya keta hamada da dazuzzuka shi kaɗai har ya isa maɓuɓɓugar, inda ya tarar da wata tsohuwar aljana tana kuka.

Ya ce, "Ya ke ma'abociyar wannan ruwa, me gidanmu ya yi miki?"

Ta ce, "Ya kai sarkin mutane, ɗigon da kuke yi wa kirari 'yata ce. Tana barci a ciki kakanka ya ɗauke ta, kuma iska ta waje ta rufe dutsen. Babu mai buɗe shi sai hannun mai shi."

Sarki ya san in ya fasa, sarauta ta tafi. Ya daɗe yana kallon ɗigon, har ya ga yana numfashi. Ya ɗaga guduma, ya sauke ta a kan dutsen, ya fashe. Wata 'yar jaririya ta fito tana miƙa.

Ya komo gida da ɓaraguzai a aljihu, ya cire rawaninsa a ƙofar fada. Badi'atu ce ta tako da ƙafafunta ta ɗauka, ta mayar masa a ka, kuma cikin manyan ƙasa babu wanda ya ja da hakan. Aka ɗaura aure, aka sha biki.

Babban ɓarin yana nan a baitulmalin Zabarjad. Baƙi kan raina girmansa. Sarki kuwa, har ya rasu, in ya ɗaga shi a rana, abu ɗaya yake dubawa: babu kowa a ciki.